Jita a Ƙasar Garaya: Sharhi a Kan Zaman Koyon Kiɗa na Kwana Biyu a Wurno

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. A hutun zangon da ya wuce ne wani abokina mutumin Raba ya kawo mini labarin cewa wasu matasa sun shirya zaman koyar da kiɗan jita na ƙarshen mako a Wurno, kuma manya kaɗai ake gayyata, ban da yara. Da fari na ɗauka zolaya ce. Wurno dai kowa ya san ta, ita ce ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. Idan aka bar tarihi aka komo zamanin yau, shinkafa da albasa da tafarnuwa aka san garin da su. Ina ruwan Wurno da jita? Wannan tambayar ce ta sa na biya kuɗin rajista na hau motar Acida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce in auna abin da na gani da ma'aunin da ake koya mana a ajin waƙar baka. Zan faɗi yadda zaman ya gudana, sa'an nan in kawo abin da ya cancanci yabo da abin da ya cancanci gyara. Ra'ayin da na fito da shi kuwa guda ɗaya ne, watau an koya wa yatsunmu aiki, amma an bar kunnenmu da harshenmu a ƙofar aji, alhali kuwa kiɗan Bahaushe daga harshe yake tasowa.

Yadda Zaman Ya Gudana

Mu goma sha huɗu ne, duk maza. Akwai malaman firamare uku, da ma'aikacin asibiti, da tela, da wani Alhaji ɗan kasuwar albasa daga Goronyo wanda ya haura shekara hamsin, sauran kuwa ɗalibai ne irina. Jita shida aka kawo, don haka sai aka raba mu biyu-biyu, wasu uku-uku. A wani ajin makaranta aka yi zaman, aka ture bencina gefe aka shimfiɗa tabarmi. Malamin namu saurayi ne mai haƙuri da fara'a wanda ya koyi kiɗansa a Jos.

Daren Juma'a aka gabatar mana da ita kanta jitar. Tsarkiya shida gare ta, kowace da sunanta na harafin boko, kuma a wuyanta an gitta wasu siraran ƙarafa waɗanda suka yanka sauti gaɓa-gaɓa, ta yadda daga sauti zuwa ɗan'uwansa na sama akwai mataki goma sha biyu. Malam ya gaya mana cewa siffar jita irin wadda aka sani yau ta zauna ne a ƙasar Sifen a ƙarni na 19, a hannun wani gwanin sassaƙa mai suna Antonio de Torres. Ya kuma nuna mana yadda ake ɗaure tsarkiya da taimakon wata manhaja ta waya, wadda kan nuna kore idan sauti ya daidaita.

Ranar Asabar tun da hantsi aka shiga abin da Malam ya kira kod, watau a danne tsarkiya biyu ko uku da yatsun hagu, a kaɗa tsarkiyoyin gaba ɗaya da hannun dama, su ba da amo guda mai kauri. Uku aka ba mu, G da C da D, aka zana mana hotonsu a allo kamar gidan dara. Daga nan sai ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a sauya. Kafin azahar kan yatsuna ya yi jawur, kafin la'asar ya kumbura. Ranar Lahadi da safe aka haɗa kod ɗin nan uku a kan karin wata waƙar Turanci, muka kaɗa tare, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka ba kowa takardar shaida. Ke nan a fili zama ya yi kyau, ya kuma cika alkawarin da ya ɗauka.

Abin Yabo

Kafin in ɗauko wuƙar suka, wajibi ne in ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Babban abin da zaman nan ya yi shi ne buɗe wata ƙofa da al'adarmu ta daɗe da rufewa. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce. Ɗan makaɗi kan tashi yana ɗaukar wa ubansa kaya, ya zama ɗan amshi, ya yi shekaru yana saurare kafin a sakar masa abin kiɗa a gaban jama'a. Wanda bai gada ba kuwa, idan ya ce zai yi, sai dangi su taru a kansa, domin a tsarin zaman Bahaushe na da, makaɗi da maroƙi suna can ƙasan tsani, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana tun a 1957 a nazarinsa na roƙo. Ko Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 duniya na sara masa, bai gaji waƙa ba, kuma mahaifinsa bai so ya yi ta ba.

Kayan kiɗa masu tsarkiya sun fi shan wannan kallon. Tambari da kotso da taushi suna da inuwar fada da za su fake a ciki, kalangu yana da mahauta da 'yan dambe da bukin aure, amma garaya da goge an jingina su ga bori da zaman dare. Muhawarar malamai a kan hukuncinsu tsohuwa ce, kuma fage ne na masu shi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne sakamakon da ya biyo baya a zamantakewa: magidanci mai iyali ba shi da wurin da zai je ya ce a koya masa gurmi ba tare da an yi da shi a gari ba.

To ga shi a Wurno na ga Alhaji mai albasa zaune a tabarma ɗaya da tela, yana kuskure ana gyara masa, yana dariya. Ya gaya mini cewa tun yana yaro yake maƙale wa rediyo idan an sa Haruna Uji da gurminsa, amma bai taɓa samun bakin faɗa wa kowa ba. Jita baƙuwa ce, ba ta da dangi a garin, saboda haka ba ta da abin gori. Wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Fa'ida ta biyu ita ce tsari. Malam ya san abin da zai koyar da safe da abin da zai koyar da yamma, ya san inda mai koyo kan yi tuntuɓe, kuma ba ya ɓoye komai. Ta uku kuwa, an mayar da abin kiɗa hannun mutum. Tun daga shekarun 1990 da waƙoƙin finafinan Hausa suka koma kan fiyanon Yamaha da kwamfuta, matasanmu da yawa sun zama mawaƙan da ba su taɓa kaɗa kome da yatsansu ba. Duk wanda ya sa mutum goma sha huɗu suka ji zafin tsarkiya a fatarsu, ya yi abin a gode masa.

Abin Suka

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne da yammacin Asabar, ba kuma daga bakin Malam ya fito ba. Akwai wani dattijo mai gadin wurin wanda ya wuni zaune a bakin taga yana kallonmu. Daga baya na ji cewa daga wani ƙauye na ƙasar Gandi ya yi gudun hijira bayan hare-haren 'yan bindiga na 2018, kuma a da shi ne mai yi wa maharban yankinsu kiɗan garaya. Da muka kaɗa kod ɗinmu uku sau wajen ashirin, muna jin kanmu, sai ya leƙo ya dube ni ya ce, "Ɗana, na ji kuna ta bugu tun da sahe. To, mi tac ce?"

Na ce, "Baba, ai ba magana take yi ba, kiɗa ne kawai."

Ya ce, "Tsarkiya shidda, amma ba ta hwaɗi komi ba? Miƙo ta nan."

Malam ya miƙa masa tasa da hannu biyu. Dattijon nan bai kula da tsarkiya huɗu ba sam. Biyu ya zaɓa, ya sassauta ɗaya da kunnensa har manhajar waya ta nuna ja, sa'an nan ya shiga kaɗa su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙasa tana riƙe da gindi, ta sama tana hawa tana sauka. Bai buɗe baki ba, amma kafin ya yi nisa sai Alhaji mai albasa ya ɗaga hannu ya faɗi kirarin da ake kaɗawa, kalma bayan kalma. Taken wani maharbi ne da aka sani a gabashin Sakkwato. A nan na gane cewa abu biyu mabambanta muke kira kiɗa.

Ga bayanin abin a ilmance. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da sautin sama ko na ƙasa ko mai faɗuwa, ga kuma dogon wasali da gajere. Kalmar wuya idan ta fara sama ta sauka, wuyan jiki ke nan, ko na jita. Idan ta fara ƙasa ta hau, wahala ke nan. Haka kuka, idan gaɓoɓin biyu suna sama hawaye ne, idan ta biyu ta sauka itaciya ce mai miya. Makaɗin Hausa wannan hawa da saukar yake bi. Kalangu yana yi da matsa tsarkiyar jikinsa a hammata, garaya da gurmi da kukuma suna yi da yatsa a kan wuyan da ba shi da ƙarfe ko ɗaya da zai tare shi. Shi ya sa ɗan dambe kan tsuma tun kafin mawaƙi ya ce uffan, domin ya riga ya ji sunansa a cikin take. Duk wanda ya saurari kalangun Ɗan Anace, wanda shi ma ɗan ƙasar Gandi ne, a waƙoƙinsa na Shago, ya san abin da nake nufi.

Kuskure na farko ke nan na zaman Wurno: an fara da kod. Kod shimfiɗa ce, an yi ta ne don murya ta hau ta zauna a kai, kuma ta fito ne daga tsarin kiɗan Turai inda ake jera sautuka a kan juna a lokaci guda. Kiɗanmu kuwa layi ɗaya yake bi kamar zance, yawancinsa a kan matakan sauti biyar, ƙawarsa tana cikin rauji da saɓanin bugu da amsa-amo tsakanin jagora da 'yan amshi. Da muka gwada ɗora wata 'yar waƙar gaɗa a kan G da C da D ranar Lahadi, sai ta fito kamar Bature yana gaisuwa da Hausa: kalmomin daidai, karin a karkace. Kod ɗin yana jan murya sama a inda kalma take son sauka.

Kuskure na biyu, an sa ido a gurbin kunne. Hoton allo muke kallo, koren manhaja muke jira. Cikin kwana biyu ba a taɓa ce mana mu rufe ido mu saurari sauti mu nemo shi a kan tsarkiya ba. Dattijon nan kuwa ɗaurin kunne ya yi cikin daƙiƙa kaɗan. Wanda wayarsa ce ke ɗaure masa jita, ranar da caji ya ƙare kiɗansa ya ƙare.

Kuskure na uku, kuma shi ya fi ci mini rai, shi ne an yi zaman kamar a kan fako aka sauka, kamar ba a taɓa kaɗa tsarkiya a ƙasar nan ba sai da jita ta zo. Ba a ambaci garaya mai tsarkiya biyu ba, balle molo mai uku, balle kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da shi, tsarkiya ɗaya tak a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, har ya rasu a 2015. Littafin David Ames da Anthony King na 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa cike yake da sunayen waɗannan kayan da sassansu da wuraren da ake kaɗa su. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ba mu ma'aunin nazarin waƙar baka da harshenmu. Duk wannan dukiya tana nan, amma aka ɗauko manhajar koyarwa da aka tsara don wasu mutane a wata ƙasa aka juye mana ita ɗungurungum. Laifin ba na Malam ba ne shi kaɗai, yadda aka koya masa ya koyar.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka ina cewa hanyar da ce kaɗai mafita. Da na tambayi dattijon yadda ya yi abin da ya yi, cewa ya yi, "Hannu na ka yi, ba ni ba." Da na ce ya koya mini, sai ya yi dariya ya ce shi shekara bakwai ya yi yana kaɗa wa ubansa caki kafin a bar shi ya taɓa garaya. Wa ke da shekara bakwai a cikinmu? Gwani ne, amma ba malami ba ne. Shi yana da abin koyarwa ba shi da hanya, Malam yana da hanya ba shi da abin da ya dace da mu. Aji ɗaya suka zauna, taga ce kawai tsakaninsu.

Darasi Daga Maƙwabta

Wani zai ce ai jita ba za ta iya Hausa ba, tun da ƙarafan wuyanta sun yanka sauti a inda Turawa suke so. Wannan magana ba ta tsaya ba, domin maƙwabtanmu sun riga sun warware ta. Ali Farka Toure na Niyafunke a ƙasar Mali, wanda aka haifa a 1939 ya rasu a 2006, bai fito daga gidan makaɗa ba, kuma da ɗan abin kiɗa mai tsarkiya ɗaya na gargajiya ya fara. Da ya ɗauki jita sai ya kwashe salon kayan kiɗan garinsu ya zuba mata, yana tsinkar tsarkiya ɗaya-ɗaya. Faifansa da Ry Cooder na 1994 ya ci lambar Grammy a Amurka. Buzaye ma haka suka yi. Ƙungiyar Tinariwen, da Bombino na Agadas, da Mdou Moctar wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, duk sun sa jita ta yi yarensu, har yau ba a cikakken buki a Agadas sai da ita. A nan gida kuwa marigayi Bala Miller ya rera Hausa a kan jita da ƙahonin Turawa, kodayake shi salon hailaif ya fi rinjaya a kiɗansa.

Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Malam Maman Barka na Jamhuriyar Nijar. Malamin makaranta ne kuma gwanin gurmi, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasarsu. A 2002, yana da shekara fiye da arba'in, ya sami tallafin UNESCO ya tafi bakin Tafkin Cadi ya zauna gaban Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwanin ƙarshe na biram, abin kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar. Ya koya, ya fitar da faifai a 2009, ya kai biram ƙasashen Turai kafin rasuwarsa a 2018. Ashe babba yana iya koyo, kuma ɗan boko yana iya durƙusawa gaban gwanin gargajiya ya tashi da abin da zai koyar a aji. A Yamai ma akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, wadda ta tattara kayan kiɗan gargajiya na ƙasar.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa a wurinmu shi ne halin da gabashin Sakkwato ya shiga. Ƙauyukan ƙasar Raba da Goronyo da Wurno sun sha hare-hare, kuma ba a manta da na kasuwar Goronyo ba a watan Oktoba na 2021, inda aka rasa rayuka fiye da 40. Inda mutane suka watse, wasan dare da farauta da bukin kaka sukan watse tare da su, a waɗannan wuraren ne kuwa yaro kan koyi take. Dattijon nan ya ce garayarsa tana rataye a ɗakin da ya gudu ya bari, 'ya'yansa kuma suna acaba a birni. Idan ya kwanta dama, taken maharban yankinsu ya bi shi.

Shawara

Ina ba masu shirya irin wannan zama shawara huɗu. Ta farko, a fara da tsarkiya ɗaya, a ce wa kowa ya kaɗa sunansa da sunan garinsu har na kusa da shi ya gane, kafin a je ga kod. Ta biyu, a ajiye waya a rana ta farko a ɗaure da kunne. Ta uku, a gayyato makaɗin garaya ko gurmi ko kukuma a zaunar da shi a matsayin malami, a biya shi kamar yadda ake biyan na jita, ba a kira shi don nishaɗin rufe taro ba. Ta huɗu kuwa tamu ce, mu 'yan wannan ƙungiya. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya, kuma kowace shekara muna neman batun kundin kammala digiri. Maimakon a yi ta maimaita nazarin mawaƙa biyar ɗin nan da kowa ya sani, a je sansanonin 'yan gudun hijira da tashoshin mota a nemo masu take, a ɗauka, a rubuta kalmomin da kowane take yake faɗa tare da karin sautinsu.

Kammalawa

Ban yi nadamar zuwa Wurno ba. Na dawo da kod uku da kanta a yatsa da takardar shaida, kuma ina yaba wa matasan da suka yi ƙarfin halin shirya abin a irin wannan lokaci. Amma kwana biyu ba ya yin makaɗi, iyakarsa ya nuna wa mutum bakin hanya, saboda haka wajibi ne a kula da wace hanya ake nunawa. Baƙo idan ya zo gari da niyyar zama, harshen garin yake fara koyo. Jita baƙuwa ce da muke maraba da ita, sai dai har yanzu ba mu koya mata gaisuwa ba.

Kafin mu watse ranar Lahadi na ga Malam ya ja tabarma zuwa bakin taga, ya zauna ƙasa, ya ce, "Baba, don Allah a sake kaɗa mini na jiya, a hankali." Ni kuwa tun da na komo makaranta na ari jitar wani abokina, tsarkiya biyu kawai nake taɓawa, ina neman sunan Wurno a cikinsu. Ranar da na kaɗa wani ya amsa daga bayan ƙofa, ranar zan iya ba dattijon nan amsar tambayarsa.